Ciwon dajin hanji: Sayen injin gashi bai isa ba, sai an kiyaye lokaci

Kawuna ya shafe fiye da shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke Sakatariyar Tarayya a nan Abuja. Mutum ne da ya san darajar kwanan wata, domin aikinsa ke nan: karɓar takarda, buga mata hatimi, tura ta ofishin gaba. Shekara guda cur yana ganin jini idan ya zagaya, yana cewa basir ne. Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ya sayi na masu lasifika a tashar mota. Sai da ya rame, wandunansa suka yi masa yawa, sannan ya yarda aka leƙa hanjinsa da na'ura. Aka ga ƙari can ƙasa, dab da dubura.

Likita ya zaunar da shi ya zana masa tsarin magani a kan takarda: gashi na makonni biyar da 'yan kwanaki, hutu na makonni, sannan tiyata a cire ɓangaren da ya kamu, a haɗa sauran hanjin a ɗinke. Ko ɗaya daga cikin kwanakin nan bai zo yadda aka rubuta ba. Inji ya tsaya ana tsakiyar gashi. Da aka kammala, takardar amincewar biyan kuɗi ta maƙale. Da ta fito, layin ɗakin tiyata ya yi tsawo. An yi aikin bayan lokacinsa ya wuce da watanni, kuma a rana ta shida zazzaɓi ya rufe shi, cikinsa ya kumbura. Ɗinkin ya yi yoyo. Aka mayar da shi ɗakin tiyata cikin dare. Yana raye, mun gode wa Allah, amma abin da aka tsara a gama cikin watanni ya ci masa fiye da shekara, ya ci filinsa na Kuje. Ranar da na je duba shi bayan an sallame shi, ya kalle ni ya ce: "Ɗan nan, ni da na ƙare ƙuruciyata ina riƙe fayil ɗin mutane, yau na san abin da mai jira yake ji."

Ɗinkin hanji kan ɓarke ko a asibitocin da suka fi kowanne kayan aiki a duniya, saboda haka ban kawo labarin nan don in ɗora wa wani laifi ba. Na kawo shi ne domin ya sa na koma na karanta abin da ke tsakanin gashi da warkewar ɗinki, kuma abin da na fahimta ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. A wannan ciwo, lokaci ma magani ne kamar allura da wuƙar likita. Mu kuwa a ƙasar nan mun iya bikin buɗe gini da yanke zare a gaban sabon inji, amma ba mu ɗauki kiyaye kwanaki a matsayin aikin ceton rai ba.

Bari mu fara da dalilin yin gashin tun farko. Babban hanji yana da tsawo, kuma ba kowane ɓangarensa ake gasawa ba. Idan ƙarin yana sama, yawanci tiyata ake yi, wani lokaci a biyo da maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake kira kemo. Gashi ya fi shafar ƙarshen hanji, wato 'yar tazarar nan da ba ta wuce santimita 15 ba kafin dubura. Wannan yanki yana zaune ne cikin ƙashin ƙugu, wuri mai ƙunci, maƙwabcin mafitsara da jijiyoyi da al'aura. Likitan fiɗa ba shi da sararin yanka da faɗi, don haka ciwon kan bar saiwa ya sake tsirowa a wurin da aka cire shi. A shekarar 1982 wani likitan Ingila mai suna Bill Heald ya bayyana hanyar cire ƙarshen hanji tare da kitsen da ya lulluɓe shi gaba ɗaya ba tare da an fasa rigarsa ba, kuma wannan ya rage dawowar ciwon sosai. Gashi ya zo ya ƙara a kan haka.

Alƙaluman a bayyane suke. Babban binciken da aka yi a Suwidin, wanda aka buga a 1997, ya nuna cewa cikin shekara biyar ciwon ya dawo wurinsa ga kashi 27 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai, amma ga waɗanda aka fara gasawa na kwana biyar, kashi 11 ne. Binciken ƙasar Holan, wanda aka yi da sabuwar hanyar tiyatar, ya bi marasa lafiya shekara goma, ya samu kashi 11 ba gashi, kashi 5 da gashi. Na Jamus kuma, a 2004, ya kwatanta yin gashi kafin tiyata da yin sa bayanta, ya samu kashi 6 da kashi 13, tare da ƙarancin wahala ga waɗanda aka fara gasawa. Wanda ya taɓa ganin yadda ciwon nan ke azabtar da mutum idan ya dawo cikin ƙugu ba zai raina wannan bambanci ba.

Sai dai kowace riba da kuɗinta. Hasken da ake harbawa yana lalata ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa, kuma na ciwon daji ne kan gaba a wannan. Amma naman da ke kewaye ma yana samun rabonsa. A makonnin farko wurin kan kumbura, ya yi laushi, ya riƙa saurin zubar da jini. Bayan watanni sai ya juya: ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, naman ya taurare ya zama tabo, kamar fatar da aka shanya ta wuce kima. Duk magini ya san ba a ɗora bulo a kan siminti mai ruwa-ruwa, ba kuma a kan wanda ya riga ya daskare ba. Haka ɗinkin hanji yake. Zare ko ƙarfen da likita ya sa riƙon 'yan kwanaki ne kawai. Abin da ke haɗe bakin hanji biyu na dindindin shi ne sabon naman da jiki ke saƙawa, kuma wannan saƙa tana buƙatar jini mai gudu da iskar da yake ɗauke da ita da abinci mai gina jiki. Shi ya sa likitoci kan janyo lafiyayyen hanji daga sama, wanda haske bai taɓa ba, su haɗa shi da guntun da ya rage a ƙasa. Amma shi wannan guntu na ƙasa ya sha gashi, kuma babu yadda za a yi da shi.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya yadda take, domin tsoro ya yi yawa a bakin mutane. Manyan gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa gashi yana ninka yoyon ɗinki ba. A binciken Holan ɗin nan, yoyon ya kama kusan mutum 11 zuwa 12 cikin ɗari, ko an gasa ko ba a gasa ba. Inda bambanci ya fito fili shi ne ga waɗanda aka cire wa dubura gaba ɗaya aka ɗinke wurin: matsalar rauni ta kama kashi 29 na waɗanda aka gasa, da kashi 18 na waɗanda ba a gasa ba. Kuma likitocin fiɗa sun daɗe da lura cewa idan yoyo ya auku a naman da ya sha haske, ya fi jinkirin rufewa, wani lokaci ya bar rami mai tara ruwa da mugunya a bayan hanji na tsawon watanni. Ma'anar wannan ita ce, gashi yana rage wa jiki ƙarfin gyara kuskure. Duk wata ƙaramar ɓaraka da lafiyayyen nama zai toshe da kansa, a nan tana iya zama babbar magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ke cikin hanji idan ya zuba cikin ciki guba ne da ke iya kisa cikin kwanaki.

Wannan ne ya kawo mu ga batun kwanaki. Tsarin gashi iri biyu ne sananne. Akwai gajere, zama biyar cikin kwana biyar. Akwai dogo, zama 25 zuwa 28 cikin makonni biyar zuwa shida, tare da ƙwayar kemo. Bayan gajeren, ana iya tiyata cikin mako guda, ko a jira makonni huɗu zuwa takwas. Wani bincike da aka yi a yankin Stockholm, aka buga a 2017, ya nuna cewa waɗanda suka jira waɗannan makonni sun fi samun sauƙin matsaloli bayan tiyata, ba tare da ciwon ya fi dawo musu ba. Bayan dogon kuwa, an saba jiran makonni shida zuwa takwas ko ɗan fiye, domin kumburi ya sauka, ƙarin kuma ya ci gaba da motsewa. Amma jira yana da iyaka. A Faransa an gwada jiran makonni 7 da na makonni 11, aka buga sakamakon a 2016: ƙarin jiran bai ƙara yawan waɗanda ciwonsu ya ɓace ba, matsaloli kuwa sun tashi daga kashi 32 zuwa kusan 45, aikin kuma ya fi wa likitoci wuya.

Gaskiya ne a yau akwai tsarin da ake tsawaita tazarar da gangan, a cike ta da zagayen kemo kafin tiyata. Akwai ma waɗanda ciwonsu kan ɓace ɗungurungum bayan gashi, a bar su ba tiyata ana sa musu ido, hanyar da Farfesa Angelita Habr-Gama ta birnin Sao Paulo a Birazil ta shahara da ita tun 2004. Amma duk waɗannan jira ne da likita ya tsara, yana auna mara lafiya, yana ɗaukar hoto, yana ba da magani. Jiran da lalacewar inji ko maƙalewar takarda ya haifar wani abu ne dabam. A cikinsa babu mai auna komai. Ƙwayoyin ciwon da suka tsira suna farfaɗowa, naman ƙugu yana ƙara taurarewa, mara lafiya yana ramewa saboda kuɗin abinci ya tafi ga kuɗin mota da masauki. Katse gashi a tsakiya ma haka yake, domin kwanakin da aka tsallake dama ce ga ciwon ya sake yaɗo.

Yanzu mu dubi gida. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta shekarar 2022 ta kiyasta cewa Najeriya na samun sababbin masu ciwon daji fiye da 127,000 a shekara, kuma kusan 80,000 ke mutuwa. Na hanji shi ne na huɗu a yawa, bayan na mama, da wanda ke kama maza a ƙasan mafitsara, da na bakin mahaifa, da kimanin mutum 8,000 a shekara. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka jagoranta tare da abokan aikinsu na Amurka ya nuna cewa namu marasa lafiyar sun fi na Turai ƙarancin shekaru, ciwon ya fi yawan kama ƙarshen hanji, kuma akasarinsu kan iso asibiti bayan ya yi nisa. Wato irin mutanen da suka fi buƙatar gashi kafin tiyata su ne suka fi yawa a wurinmu, da yawansu kuma suna tsakiyar shekarun aiki, da 'ya'ya a makaranta.

Ba za a ce ba a yi komai ba. Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato sun daɗe suna ɗaukar nauyin masu neman gashi daga faɗin Arewa. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, ta fara aiki a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu, wanda shi kansa ƙwararre ne a fannin gashi. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin ciwon daji a Katsina da Inugu da Benin. Duk wannan abin yabo ne. Amma ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 har yanzu injinanta ba su kai ko kusa da buƙata ba, kuma labarin tsayawar inji saboda rashin gyara ko matsalar wuta ba baƙo ba ne a shafukan jaridu. Inji yana buƙatar kwangilar gyara, da wutar da ba ta yankewa, da masanan auna haske, da kayan canji a ajiye. Waɗannan ba a yanke musu zare, ba a ɗaukar su hoto, shi ya sa su ne na farko da ake zaftarewa idan an zo daidaita kasafi.

Wani zai ce, tunda samun gashi wahala ne kuma yana raunana nama, me zai hana a wuce kai tsaye zuwa tiyata? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2023 ya nuna cewa wasu marasa lafiya, waɗanda ƙarinsu bai sauko ƙasa sosai ba kuma bai kai bakin iyakar yanka ba, za su iya wadatuwa da kemo kafin tiyata, a keɓe gashi ga waɗanda ƙarinsu ya ƙi motsewa. Amma tantance waɗannan mutane sai da kyakkyawan hoton MRI da likitan da ya iya karanta shi. Wanda ƙarinsa ya manne ko ya sauko dab da dubura, tsallake gashi a gare shi caca ce da rai. Wani kuma zai ce a tafi Indiya ko Masar. Mai hali ya tafi, ba laifi, amma ya tafi da shirin kammalawa. Mafi haɗari shi ne wanda ya yi gashi a can, kuɗi suka ƙare, ya dawo neman likitan fiɗa a nan ba tare da cikakken bayanin yawan hasken da aka ba shi da iyakar wurin da ya taɓa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma batun da iyalai ba sa son ji, wato jaka. Idan ɗinkin ya yi ƙasa sosai, musamman bayan gashi, likitoci kan fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki na ɗan lokaci, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka, domin ɗinkin ya huta har ya warke. Bayan wata biyu zuwa uku, idan hoto ya tabbatar babu yoyo, a mayar da shi. Wani gwaji a Suwidin da aka buga a 2007 ya samu yoyo mai alamu ga kashi 28 na waɗanda ba a yi wa jakar ba, da kashi 10 na waɗanda aka yi wa. Duk da haka mutanenmu kan roƙi likita ya bari, saboda kunya, saboda tsoron abin da maƙwabta za su ce, saboda damuwar alwala da sallar jam'i. Damuwar tsarki ta cancanci a saurare ta, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan sauƙin da aka yi wa mai lalurar da ba ya iya riƙewa. A tambayi malami, a tambayi likita, kada a bar kunya ta yanke hukunci. Kawuna ya ƙi jakar a aikin farko. A aiki na biyu babu wanda ya nemi ra'ayinsa.

To, mene ne namu a ciki, mu ma'aikata da mataimakan masu riƙe da muƙamai? Ina ganin abubuwa huɗu.

Na farko yana hannun masu rubuta kasafi da masu tsara kwangila. Kada a amince da sayen injin gashi ba tare da kuɗin gyaransa na shekaru da tanadin wutarsa a cikin takarda ɗaya ba. A kuma samar da yarjejeniya tsakanin cibiyoyi, ta gwamnati da masu zaman kansu, cewa idan inji ya tsaya, za a mayar da wanda ke tsakiyar gashi wata cibiyar cikin kwanaki, da bayanansa, ba tare da ya sake biya daga farko ba.

Na biyu yana hannun Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, da kamfanonin da ke ba da lambar amincewa. Gashi da hoto da tiyata da rufe jaka magani ɗaya ne mai matakai. Ya kamata a amince da su a dunƙule tun ranar farko, maimakon mara lafiya ya koma layi a kowane mataki. Asusun tallafa wa masu ciwon daji, wanda ya fara da nau'i uku, ya kamata ya ba na hanji cikakken gurbi, har da kuɗin jakunkuna, domin su ma kullum ake saye.

Na uku yana hannun asibitoci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan gashi da na fiɗa da mai karanta hoto su zauna tare a kan kowane mara lafiya, a sa ranar tiyata tun kafin a fara gashi, a kuma riƙa buga adadin waɗanda suka kammala a kan lokaci kamar yadda ake buga adadin gadaje. Inda ya dace a likitance, gajeren tsari ya cancanci a ƙara duba shi, domin lissafin a fili yake: gurbin mutum ɗaya na zama 25 zai ɗauki mutum biyar masu zama biyar, kuma wanda ya zo daga Gusau ko Damaturu mako guda zai biya masauki.

Na huɗu yana kan teburin kowannenmu. Idan takardar hutun jinya ko ta biyan kuɗin magani ta zo gabanka, ka duba kwanan watan da likita ya rubuta kafin ka ce a dawo gobe. Idan kai ne mai jinya, ka yi amfani da makonnin hutu: a bar taba gaba ɗaya, a daidaita sukari, a gyara ƙarancin jini, a ci ƙwai da wake da kifi da nama gwargwadon hali, a riƙa tattaki. Bayan tiyata, zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko kumburin ciki ko fitar mugunya, musamman a makon farko, ba abin jiran wayewar gari ba ne. Kafin duk wannan kuma, jini a bayan gida da ya wuce makonni, ko sauyin yadda mutum ke zagayawa, ko rama ba dalili, a kai su gaban likita ya duba da hannu da na'ura. Basir gaskiya ne, amma ya daɗe yana ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Kawuna ya koma ofis na ɗan lokaci kafin ya yi ritaya. Abokan aikinsa sun ce ya sauya hali guda: duk takardar da ta shafi asibiti, da ƙafarsa yake kai ta ofishin gaba, ya tsaya har a sa hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu zama sanadin sauƙin, amin.